Suwic Mai Tsada ko Mai Araha? Gardamar Wayoyin Ofis a Madarumfa

Duk wanda ya shiga wani ofis a Madarumfa a ƴan shekarun nan, na gwamnati ne ko na ƙungiyar agaji, ko ma shagon da ake sayar da tikitin wifi, in ya ɗaga kai zai ga wani ɗan akwati mai faɗi maƙale a bango, wayoyi sun fito daga cikinsa sun bi kusurwoyin ɗaki, ƙananan fitilu kore suna ta ƙiftawa. Sunansa suwic. Shi ne yake haɗa kwamfutoci da na'urar buga takarda da kyamarori da akwatunan wifi, ya karɓi saƙo daga wannan ya miƙa wa wancan. Ba mai tunawa da shi sai ranar da rezo ya ɗauke.

A kan wannan akwati ake wata gardama tsakanin masu ja waya, waɗanda galibi daga Maradi suke zuwa, da masu riƙe da kuɗin ma'aikata. Suwic iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai araha, wanda daga jona shi da wuta ya kama aiki, ba a saita masa komai. Akwai kuma wanda ake shiga cikinsa da kalmar sirri a tsara masa yadda zai yi aiki, kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa. In ma'aji ya tambayi dalilin wannan tsada, amsar da yake samu kusan kullum ɗaya ce: "Ranka ya daɗe, wannan yana hana zobe, kuma yana fifita saƙo mai muhimmanci." Ma'aji ya ce wancan mai arahar ma ai fitilunsa suna ci. Daga nan kowa ya kafe.

Ina ganin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, amma an ɗaure abubuwa biyu da igiya ɗaya, alhali nauyinsu ba ɗaya ba ne a garin irin namu. Bari a kwance su a duba kowanne.

Zobe yana faruwa ne idan waya ta fita daga suwic ta zagayo ta sake shiga cikinsa, kai tsaye ko ta hanyar wani suwic ɗin. Abin da ya sa yake kashe aiki yana cikin yadda aka gina tsarin Ethernet, wanda suwic yake aiki da shi, tun asali. Kwamfuta in tana neman wata, sai ta yi shela ga kowa: wa ke da adireshi kaza? Suwic ya kwafi wannan shela ya fitar da ita ta kowace ƙofa, ban da wadda ta shigo ta cikinta. To idan akwai zobe, shelar za ta dawo masa ta wata ƙofa, shi kuma bai san ya taɓa ganinta ba, sai ya sake kwafa ya sake fitarwa. Saƙon da ke tafiya a intanet yana ɗauke da wani ƙidaya da ke raguwa a kowane zango har ya ƙare a jefar da shi, amma saƙon Ethernet ba shi da wannan. Ba ya tsufa, ba ya mutuwa. Wanda ya taɓa zama wajen wa'azi ko taron biki aka kusantar da makirufo bakin lasifika ya san abin: ƙara ta fita, ta koma, ta ƙara fita da ƙarfi, cikin ƙiftawar ido ba a jin maganar kowa sai kuka. Haka layin ofis yake cika da shelar banza cikin daƙiƙoƙi kaɗan.

Na ga wannan da idona a wani ofis. Mai shara ya tarar da kan wata waya yana reto a bayan teburi, ya ga ga rami a jikin suwic da ya yi daidai da shi, ya cusa, da niyyar gyara. Ɗaya kan wayar kuwa dama yana jikin wannan suwic ɗin. Fitilun nan da suka saba ƙiftawa kowace da lokacinta suka koma walƙiya tare, da sauri, kamar an haɗa bakinsu. Na'urar buga takarda ta ɓace, intanet ya tsaya, aka yi ta zagin kamfanin sadarwa, aka kashe ruta, akwatin da ke haɗa ofis da intanet, aka kunna, aka hau rufi aka duba eriya. Da mai gyara ya iso da la'asar, bai yi wata dabara ba illa zare wayoyi ɗaya bayan ɗaya har fitilu suka lafa. Ya juya ya ce wa dattijon, "Baba, in ka ƙara ganin waya a ƙasa ka bar ta a ƙasa." Dattijon bai yi laifi ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa, kuma ba abin da aka rubuta a jikin wayar.

Maganin wannan cuta ya girmi yawancin masu ja wayar yau. Wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ita ta ƙirƙiro shi a 1985 tana aiki da kamfanin Digital Equipment Corporation, sannan ƙungiyar IEEE ta mayar da shi ƙa'ida a 1990 da lamba 802.1D. Ana kiransa STP. Suwic-suwic da ke wuri ɗaya suna aika wa juna ɗan saƙo duk bayan daƙiƙa 2, su zaɓi ɗaya a cikinsu ya zama tushe, kowanne ya nemi hanya mafi kusa zuwa tushen, duk wata hanya da ta rage a toshe ta. Ba a cire wayar ba, tana nan a jone, an dai hana ta ɗaukar kaya. Ranar da babbar hanya ta yanke sai a buɗe wadda aka toshe.

Masu goyon bayan suwic mai tsada a nan suke da ƙarfi, kuma hujjarsu ta fi kama Madarumfa fiye da Yamai. Na farko, mai gyara ba ya kwana a gari. Maradi ba nisa, amma in ofis yana Gabi ko Safo ko Sarkin Yamma, ko yana Ɗan Isa bakin iyaka, kuma damina ce, kiran mai gyara yana nufin kuɗin mai da yini guda a banza, wani lokaci biyu. Na biyu, gine-ginenmu a warwatse suke. Asibiti ko makaranta fili ne babba mai ɗakuna nan da can, waya tana bi ta ƙasa ko ta kan katanga, ɓera ya ci, mai haƙa rami ya sare, tsawa ta ƙona. Duk mai hankali zai so a ja waya ta biyu ta wata hanya saboda ranar da ta farko za ta mutu. Amma waya ta biyu a kan suwic marar STP ita ce zoben da kansa. Wato mai araha yana tilasta maka ka rataya dukan aikinka a waya ɗaya. Na uku, mutane suna ƙara kaya ba tare da sun tambayi kowa ba. Ma'aikaci ya sayo ɗan akwatin wifi a kasuwar Maradi ko Jibiya ya jona a ɗakinsa don wayarsa ta kama, wani ya ƙara ɗan suwic mai ƙofa 5, shekara biyu ba wanda ya san wace waya ta tafi ina. A irin wannan wuri zobe jiran rana kawai yake.

Su kuwa masu riƙe da kuɗi ba jahilci ne yake sa su ja da baya ba, ko da yake masu ja waya suna son su ɗauka haka. Sun ga abubuwa. Sun ga wutar NIGELEC tana ɗaukewa tana dawowa da ƙarfi ta ƙona kaya, kuma ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar aka kuma rufe iyaka, abin da bai warware ba sai a watan Maris na 2024. A waɗannan watanni duk abin da ya lalace, samun madadinsa ta hanyar Kano da Katsina ya zama aiki. Sun san zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, wanda shi ne kusan iyakar abin da aka ƙera yawancin kayan ofis su jure, sun san ƙurar hunturu tana toshe fankar da ke cikin manyan suwic. Lissafinsu mai sauƙi ne: da kuɗin mai tsada ɗaya za a sayi masu araha da dama, a jona ɗaya a ajiye saura a kabad, in ya ƙone mai gadi ma zai iya canza shi. Sauran kuɗin a sa a batir da allon hasken rana, domin suwic mafi wayo a duniya in babu wuta ƙarfe ne kawai.

Suna da wata hujja da ta fi wannan zafi, kuma daga cikin masana ta fito. STP kansa yana iya zama matsala. Tsohon tsarinsa yana ɗaukar daƙiƙa 30 zuwa 50 kafin ya buɗe hanya, a garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini wannan jira yana taruwa, har kwamfuta ta gaji da neman adireshi ta ce babu rezo. Zaɓen tushe ma yana da tarko. Mai ƙaramar lamba shi ne yake ci, amma dukan suwic suna fitowa daga kamfani da lamba ɗaya, 32768, don haka sai a koma ga lambar da aka buga wa kowanne a masana'anta, wadda sau da yawa tsohon kaya ne yake da ƙarama. Sai ka tarar wani tsohon suwic da ke ɗakin ajiya, a ƙarshen waya mafi rauni, shi ya zama shugaba, kaya duk suna zagayawa ta wurinsa. Kuma akwai labarin Boston. A watan Nuwamba na 2002 layin kwamfutocin asibitin Beth Israel Deaconess, ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na jami'ar Harvard, ya durƙushe kusan kwana 4, likitoci suka koma takarda da biro, ana kai sakamakon gwaji da ƙafa. An yi ta ƙara suwic a kan suwic shekara da shekaru har girman layin ya wuce zango 7 da aka tsara STP a kansa, da kaya suka yi yawa sai tsarin ya rikice. Shugaban sashen kwamfuta na asibitin a lokacin, John Halamka, ya fito ya bayyana abin da ya faru don wasu su koya. Mai riƙe da kuɗi zai ce: in wannan ya sami Harvard, da injiniyoyinta da kuɗinta, mu a Madarumfa wa zai fid da mu?

Tambayar tana da nauyi, amma ban yarda ta kai inda ake son kai ta ba. Abin da ya kayar da Boston girma ne ba tare da tsari ba, kuma ofis mai suwic 3 ko 4 bai kusanci wannan iyaka ba. Jiran daƙiƙa 50 an magance shi tun 2001 da sabon tsari mai suna RSTP, wanda yake sauya hanya cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma ana iya gaya wa suwic cewa ƙofa kaza kwamfuta ce kawai a bayanta, ya buɗe ta nan take, in kuma ya ji muryar wani suwic daga can ya rufe ta ita kaɗai ya bar saura suna aiki. Tarkon zaɓen tushe layi ɗaya ne na saiti: a rage lambar suwic ɗin da ake so ya shugabanta. Batun tsada ma ya sauya. Tsakanin ɗan akwatin kasuwa da manyan kayan Cisco ko Huawei yanzu akwai matsakaita, irin na TP-Link da MikroTik, marasa fanka, masu cin wuta kaɗan, waɗanda suke gane zobe su toshe shi. A kan wannan rabin gardamar, ina tare da masu ja waya ba tare da shakka ba. Ɓarnar zobe gaba ɗaya take, ba ta nuna inda ta fito, kuma hannun kowa yana iya jawo ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai akwai abu ɗaya da masu riƙe da kuɗi suke faɗa wanda ba ni da amsarsa sai in sunkuyar da kai. Wani shiri ya zo da tallafi, a kafa kaya masu kyau, a saita, shirin ya ƙare, wanda ya saita ya koma Yamai ko ya ƙetare, kalmar sirri ta tafi da shi. Daga ranar suwic mai tsada ya zama akwatin da ba mai iya buɗewa, in an mayar da shi yadda ya fito daga kamfani kuma duk tsarin ya goge. Wannan ya faru a wurare da yawa, kuma yana ci mini rai, domin ba laifin na'ura ba ne, sakaci ne da ake iya kaucewa da takarda ɗaya a cikin ambulan.

Rabi na biyu, wato fifita saƙo, a nan ƙafata ta fi karkata wajen ma'aji.

Abin da ake nufi a fili yake. In saƙonni suka yi cunkoso a ƙofa ɗaya, suwic yana jera su, kuma ana iya gaya masa wa zai fara wucewa. Ƙa'idar 802.1p ta ba da matakai 8, daga 0 zuwa 7, sannan tsarin DiffServ na 1998 ya ba da tambari har 64 da ake manna wa saƙo. Murya da bidiyo su ne suka fi bukata, domin takarda in ta makara da daƙiƙa ɗaya ba wanda zai sani, amma magana in jinkirinta ya wuce kashi 150 cikin 1000 na daƙiƙa, iyakar da hukumar sadarwa ta duniya ITU ta ba da shawara a kai, sai masu hira su fara taka maganar juna. Masu goyon baya suna kawo misali mai kama hankali. Daga Agusta zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro da tamowa suna cika gadajen yara a wannan yanki, abin da ya sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta daɗe tana aiki a gundumar Madarumfa. A irin wannan lokaci ma'aikacin lafiya yana son ya yi magana da likita a Maradi, ko ya shigar da alƙaluma a DHIS2, manhajar da ma'aikatar lafiya take tattara rahoto da ita, wani kuma a ɗaki na gaba yana sauke fim. Haka ma'aikacin duwan da ke shigar da takardun kaya a SYDONIA, motoci sun yi jerin gwano a waje. Wa zai ce kada a fifita waɗannan?

Ba wanda zai ce. Tambayar ita ce a ina cunkoson yake. Ƙofar yawancin suwic na yau tana ɗaukar megabit 1000 a daƙiƙa, kiran murya ɗaya kuwa bai kai kilobit 100 ba. A cikin ofis mai kwamfuta 15 hanyar a buɗe take kusan kullum, kuma inda babu jira fifiko ba shi da aikin yi. Matsin yana bakin fita, inda ofis yake haɗuwa da Niger Telecom ko Airtel ko Moov ko Zamani, ko farantin Starlink da ya fara aiki a ƙasar a 2025. Wannan ƙofar ruta ce take tsaronta, suwic bai san abin da ke faruwa a can ba. Kuma da zarar saƙo ya bar gidanka, tambarin da ka manna masa ba ya wajaba a kan kowa. Kamfanonin sadarwa galibi goge shi suke yi ko su yi biris da shi. Kiran WhatsApp da shugaban ofis yake kuka a kansa a wannan hanyar yake lalacewa. Ko manyan jami'o'in Amurka da suka haɗu a shirin Internet2 sun gwada tsarin fifiko mai zurfi a farkon shekarun 2000, daga baya suka ga ƙara faɗin layi ya fi musu sauƙi da araha.

Mu ba mu da kuɗin ƙara faɗin layi yadda muke so, wannan gaskiya ne, kuma ita ce amsar da masu goyon baya suke bayarwa. Amma ko a nan akwai hanyar da ta fi dacewa da mu. Wajen 2010 wani injiniya mai suna Jim Gettys ya jawo hankalin duniya ga cewa yawan jinkirin da ake gani yana zuwa ne daga na'urori masu tara saƙo da yawa a sahu maimakon su gaya wa mai aikowa ya rage. A 2012 Kathleen Nichols da Van Jacobson suka fito da dabarar CoDel, aka gina fq_codel a kanta, wadda take ba kowane mai aiki rabonsa bi da bi, ƙaramin saƙo irin na murya ya wuce da wuri ba tare da an manna masa komai ba. Tana cikin rutocin MikroTik na yanzu, irin waɗanda masu sayar da tikitin wifi suka riga suka saba da su. Saiti ne na ƴan mintoci a kan ruta, kuma yana yin abin da ake zaton suwic mai tsada zai yi.

Ban ce fifiko a kan suwic ba shi da wuri sam ba. In an haɗa gini da gini da eriya mai rauni, ko kyamarori da yawa suna tura hoto dare da rana ta waya ɗaya da wayoyin tebur na ofis, a nan ana samun cunkoso na gaske a cikin gida, kuma a nan ya cancanci kuɗinsa. Irin waɗannan wurare a gundumar nan ana iya ƙirga su.

Abin da ya fi damuna da fifiko ma ba na fasaha ba ne. Duk wanda aka sa a gaba, an tura wani baya, kuma in aka saita mataki na sama ya wuce kullum ba tare da iyaka ba, na ƙasa yana iya tsayawa cik. To wa yake yanke wannan hukunci? A yadda na san ofisoshinmu, in mai gyara ya tambaya wa za a fifita, amsar ba ta wuce ɗakin shugaba. Yarinyar da ke shigar da sunayen jarirai don takardar haihuwa, wadda mutane suka taso tun asuba daga ƙauye suna jiranta a inuwar bedi, ita ce za ta samu ragowa, kuma ba za ta taɓa sanin dalilin da ya sa kwamfutarta take rarrafe ba, tunda hukuncin yana ɓoye cikin akwati mai kalmar sirri. Rabon bi da bi ya fi kusa da adalci. Inda kuma dole sai an fifita, a fifita aiki, kamar kiran asibiti ko manhajar rahoto, kada a fifita kujera, kuma a rubuta shi a takarda kowa ya gani.

Saboda haka in ma'ajin wata ma'aikata a Madarumfa ya nemi shawarata, zan fara tambayarsa suwic nawa ne a wurin. In ɗaya ne tak, a ɗaki ɗaya, kwamfutoci ba su wuce na yatsun hannu ba, ya sayi mai araha, ya kulle shi a ƙaramin kabad, ya toshe ramukan da ba a amfani da su, ya sa ragowar kuɗin a batir. In sun kai biyu, ko waya ta ƙetara daga gini zuwa gini, ya sayi matsakaici mai RSTP, batun fifiko kuma ya ce a yi shi a kan ruta. Kada ya biya kuɗin ƙarshe sai mai aikin ya liƙa lamba a kan kowace waya kai da kai, ya zana taswirar layin a takarda, ya rubuta wane suwic ne tushe, ya miƙa kalmar sirri a ambulan, sannan ya zauna da wani matashi ɗan gari ya nuna masa yadda ake shiga. Matasan suna nan, wasu sun yi karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maradi, wasu a shagon wifi suka koya. Kafin mai aikin ya hau babur ɗinsa, a sa shi ya ɗauki waya ɗaya ya jona kanta biyu a jikin suwic a gaban kowa, a ga ko ƙofar za ta rufe kanta sauran ofis ya ci gaba da aiki.